Sunan Da Ya Fi Gurbinsa Tsawo

Azumi ta shekara goma sha ɗaya tana tsara rubutu a maɗaba'ar Oga Romanus da ke Suleja. Duk aikin da ke da jadawali gabanta ake dire shi: sakamakon jarrabawar ɗalibai, jerin sunayen 'yan ƙungiya, kundin masu yaye makaranta. A shekarunta na farko da hannu take jan layukan tsaye, waɗanda a shago suke ce wa kolom, ta faɗaɗa wannan ta matse wancan, shafi bayan shafi, har idonta ya riƙa ruwa. Da ta gaji, sai ta zauna ta koyi wata hanya. Ta riƙa zuba sunaye gaba ɗaya a rumbun bayanai, manhaja ta ɗebo su ta jera a shafi. Ta kuma rubuta wa manhajar ƙa'ida: ta leƙa kowane kolom, ta auna rubutun da ya fi tsawo a cikinsa, ta ba shi fili daidai da shi. Aikin mako ya koma na wuni guda. Oga Romanus ya daina kiranta da suna, ya koma ce mata Injiniya.

Saboda haka da danginta suka yanke shawarar buga littafin zuri'a, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai yi. Gidansu tsohon gida ne a Hashimi, gidan Malam Ɗantala maƙeri, wanda jikoki da tattaɓa-kunnensa suka bazu daga Suleja har Izom da Kaduna da Abuja. Babban gidan a yanzu shi ne Baffa Bamalli, ƙanen mahaifin Azumi, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son abu ya fito tsaf. Shi ya kira ta ya ce, "Azumi, ga aikin Allah ya same ki. Ina so duk wanda ya fito daga tsatson Malam Ɗantala ya buɗe littafi ya ga kansa. Suna, uba, uwa, mazauni, sana'a. Kada a bar ko jariri."

Wata bakwai ta yi tana tattara sunaye. Ta bi tsofaffi ɗaki-ɗaki, ta sha rigima da waɗanda ba sa son a rubuta sana'arsu ta gaskiya, ta gyara sunayen da aka aiko mata a murguɗe ta waya. Sunaye ɗari takwas da goma sha biyu suka taru.

Na ƙarshen da ta shigar su ne na gidan ƙanenta Kamaluddeen. Ta daɗe tana ɗaga su, don har yanzu ba ta saba rubuta sunansa da "marigayi" a gaba ba. Shekara huɗu ke nan da mota ta kife da shi a hanyar Kaduna yana dawowa daga aiki. Ya bar mata ɗaya, Nwamaka, mai ɗinki a Tafa, da 'ya'ya biyu, Sumayya da Suhaibu. Bayan sadakar arba'in Baffa ya ce a kawo yaran babban gida, Nwamaka ta ce ba ta rabuwa da su. Ta yi alkawarin za su ci gaba da zuwa Islamiyya kamar yadda ubansu ya ɗora su, ta kuma cika, Azumi shaida ce. Amma tun daga ranar Baffa bai ƙara ambaton sunanta ba. In zance ya kama, sai ya ce "matar can ta Tafa".

Azumi ta buga mata waya ran wata Asabar da safe.

"Maman Sumayya, littafin nan da na gaya miki. Kowace uwa da sunan mahaifinta ake rubuta ta. Yaya kike so in sa naki?"

Ƙarar keken ɗinkin Nwamaka ta tsaya. "Yaya Azumi, da gaske har da ni?"

"Ke ce uwar 'ya'yan Kamalu. In ba ke ba wa?"

"To ki sa shi duka, abeg. Yadda babana ya ba ni. Yaran nan su gani wata rana su san ni ma daga wani gida na fito."

Ta faɗo shi harafi-harafi, Azumi na bugawa: Nwamaka Chidiebube Onyekachukwu Okwuosa. Da ta gama ta danna a buga gwaji, ta kwashi takardun da zafinsu ta zuba a jakar kwamfutarta ba ta duba ba, don an ce kwamiti zai zauna bayan la'asar, ga kuma aikin wata makaranta na jiranta.

A falon Baffa ta tarar da dattawa huɗu da ɗansa Taufiq, wanda ke aiki a Abuja yake kuma ji da kansa a harkar kwamfuta. Ta durƙusa ta gaishe su, ta miƙa takardun. Baffa ya gyara tabarau, ya buɗe shafi na farko, ya buɗe na biyu, ya haɗe gira.

"Wannan wane irin aiki ne? Gurbin iyaye mata ya cinye rabin shafi. Ina sana'a? Ga shi nan an yanke ta a bakin takarda. Ni 'tsohon sakat' aka rubuta mini."

Azumi ta karɓa ta duba. Ta gane abin da ya faru nan take. Ta sa manhajar ta ba kowane kolom faɗi ɗaya a duk littafin don shafukan su yi daidai da juna, amma ba ta taɓa gindaya mata iyakar da ba za ta wuce ba, don ba ta taɓa buƙata ba. Suna ɗaya mai tsawo ya ja kolom ɗin uwa ya buɗe a shafi sittin da huɗu gaba ɗaya, ya tura na ƙarshe waje.

"Baffa, ƙaramin abu ne. Kuskurena ne. Yau ɗin nan zan gyara."

"Me ya jawo shi?" in ji Taufiq. Kafin ta amsa ya riga ya jawo kwamfutarta daga kan tabarma. "Ai irin wannan abu ɗaya ne ke jansa. Bari mu ga wanda ya fi tsawo." Ya danna, sunayen suka jeru daga dogo zuwa gajere, ya karanto na saman da ƙarfi, yana tuntuɓe a kowace gaɓa, har ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ya kuma haɗiye ta.

Baffa ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

"Ashe ita ce," ya ce. "Ko a takarda sai ta ture mutane."

Azumi ta miƙe. Ta tattara kayanta ta hau keke napep ta koma shago. Gyaran bai ɗauke ta awa guda ba. Ta ƙara wa ƙa'idar sharaɗi: kada kolom ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin shafi, in rubutu ya fi haka tsawo ya naɗo zuwa layi na biyu. Ta sake bugawa, ta bi shafi sittin da huɗun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Komai ya zauna. Sana'ar Baffa ta dawo cikakkiya. Sunan Nwamaka ya kwanta a layi biyu a gaban Sumayya, ya sake kwantawa a gaban Suhaibu, ba harafin da ya ɓace.

Washegari da hantsi ta kai wa Baffa, ta same shi shi kaɗai a ƙofar gida. Bai duba shafin farko ba. Kai tsaye ya wuce shafi na hamsin da ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Layin nan ya fi sauran kauri. Duk wanda ya buɗe, nan idonsa zai faɗa."

"Baffa, akwai irinsa goma sha tara a littafin. Sunan mijin Yaya Rabi'a da digirorinsa layi uku ya ci."

"Wannan daban."

"Ta ina ya bambanta?"

Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da yake mata tun tana yarinya in ta yi magana a gaban manya. "Azumi, littafin zuri'ar Malam Ɗantala muke yi. Matar da ta ɗauke mana jini ta kai bakin titi ta ajiye, ta ce mu ba mu isa ba, ita za mu buga wa suna mai layi biyu jikokinmu su riƙa karantawa?"

"Ba ita kaɗai ba ce a layin, Baffa. 'Ya'yan Kamalu ne. Kai ka ce kada a bar ko jariri. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Karin magana za ki koya mini?"

"Allah ya huci zuciyarka. Amma in dai don shafi ne, shafi ya gyaru. In kuma wani abu ne daban, to a faɗe shi a gaban dangi, kada a ɗora wa kwamfuta."

Ta yi zaton zai fashe da faɗa. Sai ya rufe takardun a hankali, ya miƙo mata, ya ce, "To. Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ta tafi da sanyin zuciya, har tana ganin laifin kanta na ɗaga masa murya. Ta manta cewa mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

Ana saura kwana goma taron ƙaddamarwa, aka aiko cewa ƙanwar mahaifiyarta ba lafiya a Izom. Tana shirin tafiya Taufiq ya shigo shago da fara'arsa.

"Yaya Azumi, an yi haihuwa biyu a Kaduna, Baba ya ce a saka su. Ki ba ni fayil ɗin kawai, ni zan ƙara, in miƙa wa Oga Romanus. Ke ki je ki duba jikin Inna, no wahala."

Ta nuna masa inda ake ƙara suna, ta nuna masa abin da zai danna littafin ya sake tsara kansa. Kwana shida ta yi a Izom. Da ta dawo an riga an buga kwafi ɗari biyar, an ɗinke, Taufiq ya kwashe su a but ɗin motarsa. Oga Romanus ya ce Alhaji Bamalli ya hana a buɗe ko ɗaya sai ranar taro. Ita kuwa gajiyar jinya ba ta bar ta ta yi wani tunani ba.

Ranar taro aka kafa rumfuna a ƙofar babban gida. Dangi suka zo daga ko'ina cikin anko ruwan goro. Azumi na cikin raba ruwa ta hango Nwamaka ta sauko daga mota da yaran. Ta ɗinka wa kanta doguwar riga ta yafa mayafi, Suhaibu da 'yar hularsa, Sumayya, wadda ta shiga shekara goma sha ɗaya, sanye da sabon hijabi. Ko ankon ma ta nemo yadin ta ɗinka musu. Azumi ta tare su ta zaunar da su cikin mata.

"Gwaggo, shafi na nawa muke?" in ji Sumayya.

"Hamsin da ɗaya. Ki riƙe a ranki."

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Baffa ya tashi ya yi magana mai daɗi a kan zumunci, ya ce a ƙafa yake, ya ce littafin nan igiya ce da za ta ɗaure na nesa da na kusa. Sannan ya kira Azumi gaban jama'a ya ce duk harafin da ke ciki hannunta ne ya sa shi, ba wanda ya taɓa mata aiki. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ya buɗe bangon littafin ya nuna wa mutane inda aka rubuta: Tattarawa da tsarawa, Azumi Ɗantala.

Aka fara rabo. Ko'ina sai ƙarar buɗe shafi da ihun wanda ya ga kansa. Azumi ta karɓi nata tana murmushi, ta buɗe hamsin da ɗaya.

Shafin ya yi kyau ƙwarai. Layukan sun jeru sumul, ba mai kauri ba siriri. Sunan Kamaluddeen na nan da "marigayi" a gabansa. A ƙarƙashinsa, inda 'ya'yansa suke a da, an hau kai tsaye da gidan wani. A gefen sunansa kuma, cikin ƙananan haruffa, an rubuta: bai bar baya ba.

Ta san daga inda kalmomin nan suka fito, don ita ta rubuta su. Ta sa wa manhajar cewa duk mamacin da ba a jingina masa ɗa ko ɗaya ba a rumbun, ta rubuta masa haka, don kada mai karatu ya zaci mantuwa aka yi. Taufiq bai yi komai ba illa goge layi biyu. Sauran aikin duk nata ne ya ƙarasa: kolom ɗin uwa ya auna sunan da ya rage mafi tsawo ya tsuke, sauran suka miƙe suka cike filin, layukan ƙasa suka hauro suka rufe gurbin. Ko ɗigon da zai nuna an cire wani abu babu. Da a ce da hannu take yi kamar da, da sai an bar rami a shafin, ko kuma sai an zo an same ta.

Ta ɗago. Sumayya na bin shafin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ta koma hamsin, ta wuce hamsin da biyu, ta dawo. Nwamaka ta karɓi littafin daga hannunta. Hausarta ta karatu ba ta da ƙarfi, sai ta nuna wa matar da ke kusa da ita kalmomin ta ce, "Don Allah, me wannan yake nufi?" Matar ta karanta, ta kau da kai, ta ce a hankali, "Wai bai haihu ba."

Nwamaka ta tashi, ta ajiye littafin a kan kujera, ta kama hannun Suhaibu. Azumi ta bi su da gudu-gudu ta cim musu a bakin titi.

"Maman Sumayya, ki tsaya ki ji. Wallahi na sa ku. Cirewa aka yi bayan na tafi Izom. Ina da na gaskiyar a kwamfuta, yanzu sai in nuna miki."

"Yaya Azumi, ke kika kira ni." Muryarta ba ta tashi ba. "Ni ban roƙi kowa ba. Ina zaune a shagona kika ce in faɗi sunan babana. Da ni kaɗai aka cire, da ban damu ba, na saba. Amma a rubuta Kamalu bai haihu ba? Ga su nan tsaye fa. Dube su."

"Ba ni ba ce."

"Na ji. Amma sunanki ne a bango. Kuma yanzu na ji tsohon ya ce ba wanda ya taɓa miki aiki, ke kuma kina tsaye ana miki tafi."

Sumayya ba ta yi kuka ba. Ta dubi Azumi kawai ta ce, "Gwaggo, sai an jima," kamar yadda ake koya wa yara, ta shige mota.

Azumi ta koma cikin taro ta nufi Taufiq, ta same shi yana ɗaukar hoto. Ya ja ta gefe tun kafin ta buɗe baki. "Yaya, ni umarni aka ba ni. Kin san Baba. Ni ban ma san abin zai rubuta wannan maganar ba, na ɗauka fili kawai zai bari. Ai laifin tsarinki ne." Ta wuce shi ta durƙusa gaban Baffa a tsakiyar baƙinsa, ta buɗe shafin ta ajiye a kan cinyarsa. Ta ce, "Baffa, ƙarya aka buga a kan mamaci." Baffa ya rufe littafin ya ce wa na kusa da shi, "Gajiya ce, ta sha aiki," ya sa mata biyu suka janye ta zuwa cikin gida. Daga cikin waɗanda suka ji, ba wanda ya ce uffan. Wasu sun same ta daga baya a ɗaki sun ce ta yi haƙuri, ba a jayayya da babba ranar farin ciki, wataƙila a gyara a bugu na biyu.

Ranar Litinin ta buga shafi na hamsin da ɗaya na gaskiya, kwafi ɗari biyar, ta yanka su daidai girman littafin. Ta bi gidajen dangi na cikin Suleja tana roƙon a liƙa. Gida tara suka karɓa. Sauran suka ce sai sun ji daga bakin Baffa. Wata gwaggonta ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, da Azumi ta koma bayan kwana uku ta ga takardar an naɗe ƙuli-ƙuli da ita.

Sau uku tana kiran Nwamaka ba a ɗauka. Da hutun makaranta ya zo ta sa aka ɗinke mata cikakken littafi guda na gaskiya, ta hau mota zuwa Tafa. Ta tarar da shagon ɗinkin a buɗe, amma wani mai gyaran waya ne a ciki. Maƙwabciyar shagon, wata mai sayar da doya, ta ce ai sun tashi tun makon jiya, sun koma garinsu can kudu, wurin 'yan'uwanta.

"Ba ta bar saƙo ba?"

"Ba ta bar ba. Malamin Islamiyyar yaran ma ya zo nemansu shekaranjiya, wai yarinyar saura izu biyu ta sauke. Ke 'yar'uwarsu ce?"

Azumi ta ce eh, ita ce yayar ubansu.

"Ayya," in ji matar, tana kakkaɓe ƙasa daga jikin doya. "Ashe suna da dangi a nan kusa."